Yadda Na Kai Motata Gwaji da Tayoyin Ɗanliti

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Habu, wai yaya aka yi a Birnin Kudu?" Na kuma lura ba don su sani suke tambaya ba, don su yi dariya ne. Ga shi ana ba da labarin da ƙari. Wani ya ce na yi kuka a gaban jami'i, wani ya ce na kwana a ƙarƙashin mota. Ban yi kuka ba. Batun kwanan kuwa zan zo kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Karatuna a firamare ya tsaya, in an ga kuskure a yi haƙuri, sau uku na bi shi ina gyarawa.

Ni direba ne a tashar Sara. Ina da ƙaramar bas, tsohuwa ce, amma ban taɓa barinta ta kwana da ciwon da na sani ba, in ban da tayoyi. Su kam sun cinye, zanensu ya shafe, na yi niyyar canza su in kaka ta yi.

Wata Litinin Malam Nasiru, mai makarantar Islamiyyar garinmu, ya aika aka kira ni. Ya ce akwai 'yan mata goma sha huɗu a ƙauyukan wajen Dingaya, iyayensu sun yarda su zo makaranta in an sami motar da za ta riƙa ɗauko su tana mayarwa. Aiki ne na kullum, Asabar zuwa Laraba. Wanda ya saba zaman jiran ranar kasuwa kafin ya cika mota shi ya san abin da wannan yake nufi.

"Sharaɗin iyayen ɗaya ne," in ji Malam. "Suna son su ga takardar lafiyar mota, wadda ake sabuntawa duk shekara. Kana da ita?"

"Allah gafarta Malam, ina da ita, amma ta ƙare."

"To, ka kawo sabuwa zuwa Juma'a. In ba ka samu ba zan yi wa Ɗanliti magana."

Ɗanliti taubashina ne, ɗan kawuna. Motarsa irin tawa ce sak, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Sai in bayyana yadda muke yi a tasharmu. Yawancin direbobi ba sa zuwa ko'ina. Akwai mai zagayowa ya karɓi tsofaffin takardu, bayan kwana biyu ya dawo da sababbi, mota kuwa tana nan inda take. Ni na ce ba zan yi haka ba. Takardar da ta ce an duba mota, ai sai an duba motar. Wanda ya kafe sai ya je da kansa, ko wanda aka tare a hanya aka ce ya kawo mota, shi kuma akwai abin da ake yi masa. Muna kiransa kayan ango. Buhu ne a ɗakin Ciyaman ɗin tasha, a ciki akwai jar tukunyar kashe gobara, da madubin gefe, da robar goge gilashi, da jan abin nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace. Mu dai a gida ganye muke karyowa mu jera. Tayoyi kuma, duk wanda nasa suka fi sabunta shi zai bayar. In ka dawo kowa ya karɓi abinsa.

A wannan karon tayoyin Ɗanliti ne suka fi na kowa, kuma motarsa tana wurin makanike ana gyaran giya. Da hannunsa ya garo su ɗaya bayan ɗaya.

"Ungo, bawana," in ji shi. "Ka ga irin ubangidan da Allah ya ba ka. Ina ba ka makamin da za ka ƙwace mini aiki. In ka dawo da su da ƙwarzane ko ɗaya, kai zan ɗaura a gaba ka ja motar."

Na juya na tambayi Ciyaman, "Amma wannan ba yaudara ba ce?"

Ya ce, "Habu, ranar aurenka babbar rigar wa ka sa?"

"Ta yayana."

"An raba auren?"

Aka kwashe da dariya. Sai ranar tafiya, da na kusa Gwaram, amsar ta zo mini, wato ango ba ya zuba 'ya'yan mutane goma sha huɗu a cikin rigar ya hau titi da su. Amma a lokacin ba wanda zan gaya wa sai sitiyari.

Ranar Laraba da hantsi na tashi. Gwaram na fara nufa, don a ganina hedikwatar ƙaramar hukumarmu ce, dole a can ake komai. Tafiyar da na saba yi ba tare da na sani ba, ranar sai ta yi tsawo, saboda duk ramin da na hango sai na rage gudu na kewaye shi kamar mai kewaye kabari. Wani mai babur ɗauke da akuya biyu ya wuce ni, ya dawo ya tambaye ni ko gawa na ɗauko.

A Gwaram na sami wani ma'aikaci mai kirki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce su ba sa gwada mota a nan, in tafi Birnin Kudu in yi tambaya. Na ce, "A Birnin Kudun ina?" Ya ce, "Kowa ya sani." Na gode masa. Daga baya na gane duk wurin da aka ce maka kowa ya sani, to ka yi guzuri.

Matsalar ita ce, mai barin Gwaram zuwa Birnin Kudu sai ya sake ratsa Sara, ta gaban tasharmu. Mutanen da suka yi mini addu'ar sauka lafiya da safe suna nan zaune a benci. Na sunkuyar da kai, amma ba a ɓoye bas. Na ji muryar Ɗanliti yana kwarara ihu, "Maraba da alhaji! Ina tsaraba?" Ban tsaya ba. Wannan ne kawai wurin da na taka mota sosai a duk tafiyar.

Sai iyaka. Ban taɓa ɗaukar tsakanin Gwaram da Birnin Kudu a matsayin iyaka ba sai ranar. Akwai masu duba sitikar ƙaramar hukuma a bakin titi, da katakonsu mai ƙusoshi. Shekara da shekaru ina wuce katakon nan ban taɓa kallonsa ba. Ranar da na hango haƙoransa suna ƙyalli, ga tayoyin mutane a ƙarƙashina, sai na taka birki tun daga nesa, nesa sosai, na kashe mota na sauko na taho da ƙafa.

Wannan ya sa suka tsargu. Babbansu, wani dogo mai hular sanyi a tsakiyar rana, ya ce, "Malam, me ka ɗauko da ba ka son mu gani?"

Na ce ba komai. Suka taka har wurin motar, suka ɗaga kujeru, suka buɗe buhun kayan ango. Suka sami takarduna cikin leda, ledar cikin wata leda, ita ma cikin wata. Sitikata tana nan daidai. Dogon ya ce in wuce. Na ce don Allah a janye katakon gaba ɗaya daga titi, ba rabi ba. Aka janye. Sannan na bi wurin a sunkuye ina duba ko wata ƙusa ta faɗi. Ina ji ɗayansu yana cewa, "Oga, wannan ba mai laifi ba ne, marar lafiya ne."

Na shiga Birnin Kudu bayan azahar. Mutanen garin nan suna da wata al'ada da ta bambanta da tamu. A Sara in ka tambayi hanya, mutum zai gaishe ka, ya tambayi gida, ya tambayi ɗan wa ne kai, in bai sani ba ya ce bai sani ba. A Birnin Kudu ba wanda bai sani ba. Mai faci ya ce in miƙe gaba kaɗan. Na miƙe har gidaje suka ƙare na fara ganin gonaki, aka ce mini wannan ai hanyar Unguwar Ya ce. Na juyo. Mai sayar da mai a galan ya ce wurin ya tashi ya koma Dutse. Wani mai shago ya duba wayarsa ya nuna mini wani jan ɗigo a Kano. Kowannensu da hannu ɗaya ya nuna, ɗaya hannun yana ci gaba da aikinsa.

Da la'asar wani tsohon direban tifa ya tausaya mini, ya shiga gaba ya kai ni har ƙofar wurin, wani tsohon gini a bayan wasu ofisoshi, da fili da bishiyar darbejiya. Na wuce ta gabansa sau biyu a ranar. Mai gadi ya ce jami'in da ke duba mota sai gobe Alhamis zai zauna.

Ina fitowa wani mutum ya tare ni, mai ƙaramar jaka a hammata da biro uku a aljihu. Ya gaishe ni kamar tare muka yi yarinta.

"Maigida, takardar lafiya? Kawo tsohuwar, ka je ka sha shayi."

"Ba sai an ga motar ba?"

Ya leƙa bayana. "Au, da motar ka zo? Tun daga ina?"

"Daga Sara."

"Ikon Allah! Ka wahalar da ita a banza. Ni akwai motar da na yi wa takarda shekara uku, ashe tun shekarar farko aka sayar da ita a kilo."

Yana faɗa yana alfahari. Na ce na gode, zan jira jami'i. Ya kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya je rijiya da ƙafa alhali ga famfo a gidansa.

Masaukina gidan Alhaji Garba ne, ƙanin mahaifin matata, ɗan kasuwa mai kai hatsi Kano. Ya karɓe ni hannu biyu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da man shanu yana yawo a kai. A gida da na ga bayan kwanon, amma loma uku na yi na ajiye, don tun daga zaure ina hango motar a waje, ba katanga ba ƙyaure.

"Ci abinci, Habu," in ji Alhaji. "Ko miyar 'yan birni ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Baba Alhaji. Ina tunanin tayoyi ne. A nan ana kwance taya?"

"A ƙofar gidana? Shekarata talatin a nan ko akuya ba a taɓa ɗauka ba."

"Ai akuya tana kuka, Baba."

Ya yi dariya har ya ƙware. An gyara mini ɗaki da katifa da fanka. Gaskiyar magana ita ce ban kwana a cikinsa ba, amma ba a ƙarƙashin mota na kwana ba kamar yadda ake faɗa. A cikinta na kwana, a kujerar baya.

Da safe aka kawo koko da ƙosai. Ƙosansu ƙanana ne, ba kamar namu da guda biyu ke tsayar da mutum ba, amma yajinsu ya fi namu faɗa. Na sha, na kai motar wanki. Da aka gama na ga kamar ba ta fita ba, na ce a sake. A wankin na biyu ruwa ya shiga hon. Na danna, sai ya yi wani gurnani kamar rago mai mura. Na kai ta tsakiyar rana na buɗe gabanta, na tsaya ina jira ya bushe, ina dannawa lokaci lokaci, mutane suna wucewa suna yi mini sannu.

Jami'in dattijo ne mai farar riga da tabarau ɗaure da zare. Da ya ga na shigo da mota sai fuskarsa ta washe. Ya ce shi ba ya sa hannu sai ya ga mota da idonsa, takardun da ake sayarwa a bakin ƙofa kuwa bai san inda ake buga su ba. Ya sa na kunna fitilu, manya da ƙanana, da na nuna juyawa hagu da dama. Ya sa na danna hon. Allah ya rufa asiri, ya yi ƙara. Ya girgiza sitiyari, ya leƙa ƙarƙashi. Sannan ya shiga ya zauna gefena ya ce in ja ta a filin in taka birki. Na taka, ta tsaya cak, har tabaransa ya zamo.

"Birkin nan wa ya yi maka?"

"Ni nake kula da shi, Yallaɓai."

"Madalla. Da wuya in ga irinsa."

Ban san lokacin da na ji sanyi a raina ba, don birkin nawa ne, ba na aro ba. Sai ya durƙusa a gaban tayoyi, ya shafa zanensu, ya karanta lambobin da ke jiki, ya gyaɗa kai. Ya koma teburinsa a gindin darbejiya, ya jawo takarda, ya cire murfin biro.

A nan ne abin ya faru. Da na yi shiru na ɗan lokacin da mutum zai sha kofin ruwa, da shi ke nan. Amma na ga biron yana sauka, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yallaɓai, tayoyin ba nawa ba ne."

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Da madubin. Da tukunyar gobara."

"Tukunyar tashar Sara ce. Duba gindinta, akwai ɗigon da na yi mata da biro bara. Ta fi wasu ma'aikatan zuwa ofishin nan."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Yanzu zan sa hannu. Ni motar da ke gabana nake dubawa, kuma motar da ke gabana lafiyarta ƙalau."

Na ce ko zai taimaka ya rubuta a ƙasa cewa da tayoyin Ɗanliti ne. Ya juya takardar gaba da baya, ya nuna mini, ya ce ba a bar layin Ɗanliti ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi, sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam Habu, takardar nan ta shekara ce, amma ni yau kaɗai na gani. Sauran kwanakin kai za ka gani. Me kake ɗauka a motar?"

"'Yan makaranta za a ba ni."

Ya miƙo mini takardar ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Na dawo Sara da yamma ba ƙwarzane ko ɗaya. Ɗanliti ya zagaya tayoyinsa yana neman abin magana bai samu ba. Aka kwance su aka mayar masa. Mai faci ya garo nawa zai ɗaura, na kalle su, sumul kamar ƙasan faranti, na ce ya dakata tukuna. Muka ɗora motar a kan duwatsu a ƙofar gidana.

Bayan sallar Juma'a na je wurin Malam Nasiru. Ya karɓi takardar, ya karanta, ya shafa hatimin da yatsa.

"Alhamdu lillahi. Gobe sai ka fara. Zan sanar da iyayen."

Matata ta riga ta gargaɗe ni tun a gida. Ta ce, "Malam takarda ya tambaya. Ka ba shi takarda, ka yi godiya, ka tashi." Na yi godiya. Na ma fara tashi. Sai na koma na zauna, na gaya masa komai, tun daga buhun Ciyaman har duwatsun ƙofar gidana.

Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Habu, Habu. Da ka yi shiru, da ni ba ruwana. Yanzu ka zuba mini abin da ba zan iya cewa ban ji ba. Yaushe za ka sami tayoyi?"

"Sai kaka, Allah gafarta."

"Karatu ba zai jira kaka ba. Zan kira Ɗanliti. Shi yana da takarda, kuma kai da bakinka ka shaida tayoyinsa."

"Gaskiya ne, Malam. Sai dai ita takardar tasa..."

Ya ɗaga hannu da sauri. "Ya isa. Don Allah kada ka ƙara gaya mini komai yau."

Ranar Asabar na tsaya a bakin titi na ga motar Ɗanliti ta taho daga wajen Dingaya cike da hijabai. Na kalli tayoyin, hankalina ya kwanta, ni na kai su gwaji. Sai ya zo tsayawa a ƙofar makaranta, na ji birkin ya yi wani dogon kuka, motar ta wuce ƙofar da kusan tsawonta kafin ta tsaya. 'Yan matan suka sauko suna dariya. Ni ban yi ba.

Da yamma na same shi a tasha na ce birkinsa ba shi da kyau.

"Bawana, hassada ce?"

"Kira ta abin da ka ga dama. Kawo motar ƙofar gidana."

Tunda motocin iri ɗaya ne, ba a sha wahala ba. Na kwance kayan birkina, waɗanda dattijon ya yaba, na ɗaura masa da hannuna. Yana tsaye yana cin gyaɗa yana ce wa masu wucewa su zo su ga bawa nagari. Matata ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta koma ciki.

To, haka abin yake yanzu. 'Yan matan suna tafiya a kan tayoyin da aka gwada, da birkin da aka gwada, a cikin motar da ba a taɓa gwadawa ba. Tawa tana kan duwatsu, ba taya ba birki, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta, kuma a duk tashar Sara ita ce mai takardar da jami'i ya duba da idonsa ya ce lafiyarta ƙalau.

Jiya Ɗanliti ya aiko wai fitilarsa ta hagu tana ƙyafta ido, ko zan ara masa tawa tunda an gwada ta. Na ce a gaya masa ya raina ni, ba zan bayar ba. Amma bayan la'asar ake tashin 'yan matan, ga damina ta kawo kai, in hadari ya haɗu gari kan rufe da wuri, kuma hanyar Dingaya akwai shanu. Na duba, sukurori huɗu ne kawai ke riƙe da ita.